Yadda ake dama kunun gyaɗa a babbar tukunya bai kama ƙasa ba

Masu dama kunun sayarwa a Marwa da Garwa na ƙasar Kamaru sun san matsalar: ƙaramar tukunya lafiya lau, amma da an ɗora ta lita 20 sai ƙauri ya tashi. Dalilin yana cikin yadda zafi ke juya abin da ke tukunya.

Muddin ruwan gyaɗa tsululu ne, wanda ya taɓa gindin tukunya yakan yi zafi, ya rage nauyi, ya hau sama, mai sanyi ya gangaro ya maye gurbinsa. Wannan kewayen ke ɗaga shinkafa. Da an zuba ƙullu, sitacin gero ko na masakwa (dawar rani) yana kumbura wajen digiri 70, kunu ya yi kauri, kewayen ya mutu. Daga nan zafin yana taruwa a ƙasa, saman kuwa bai sani ba. Kumfar da ke fashewa fuf-fuf tana fesa kunu a hannu tururi ne da ya maƙale a gindi, alamar ƙanzo ya kusa.

A tace markaɗaɗɗiyar gyaɗa kilo ɗaya da rabi cikin ruwa lita 15, a bari ta tafasa. A zuba shinkafa kilo 1, amma a ɓarza ta tukuna. Wannan ba ado ba ne: babbar ƙwaya ta fi ƙarama saurin nutsewa. Sai shinkafa ta nuna sarai kafin ƙullu ya shiga, domin bayan kauri ba za ta dahu daidai ba.

Yanzu a janye itace, a bar garwashi. A kwaɓa ƙullu kamar kilo 1 da ruwan sanyi, a zuba shi siriri ana juyawa. In aka antaya shi gaba ɗaya, bayansa ya dahu ya rufe ɗanyen ciki, gudaji ke nan.

Kunu ba kamar ruwa ba ne: in ana motsa shi yana saki, in an bar shi yana daskarewa ya riƙe ƙwayoyin shinkafa inda suke. Saboda haka muciya ta riƙa karce gindi da kusurwar tukunya tana ɗago na ƙasa, juya sama kawai aikin banza ne.

Ruwan tsamiya kuwa sai an sauke. In ya daɗe yana tafasa da sitaci, kunun zai tsinke, shinkafa ta kwanta.