Yadda mai ɗaukar hoto zai samu ƙarin kuɗi a intanet

Wanda yake ɗaukar hoto don sha'awa zai iya yin rajista kyauta a Shutterstock ko Adobe Stock, wato shafukan sayar da hotuna a intanet, ya ɗora hotunansa, a riƙa biyansa duk lokacin da wani ya sayi izinin amfani da ɗaya daga ciki. Adobe Stock na biyan kashi 33 cikin ɗari na kuɗin da aka sayi izinin, Shutterstock kuwa daga kashi 15 zuwa 40.

Dole hoton ya fito tas, kada ya gaza megapiksel 4 (ma'aunin girman hoto), kuma idan don talla ne, wanda fuskarsa ta bayyana sai ya sa hannu a takardar amincewa. A ganina, zaɓen kalmomin bincike da Turanci ya fi cancantar a ba shi lokaci, domin da su mai saye yake gano hoton.