Yadda Ake Ban Ruwan Latas Da Ruwan Rafi A Akra Ba Tare Da An Cuci Mai Ci Ba

Duk wanda ya bi ta unguwannin Dzorwulu ko Roman Ridge a Akra da sassafe ya ga 'yan uwanmu masu lambu, garwa biyu a hannu, suna kai da kawowa tsakanin rafi da fangalin latas, kabeji da albasa mai lawashi. Ruwan famfo ya yi tsada, ruwan sama kuwa a Akra bai kai na Kumasi ba, don haka rafin da kwatocin gari ke zuba a ciki shi ne abin dogaro. Latas ɗin kuma ɗanye ake cinsa, shi ne ke kan waakye, wato shinkafa da wake, da yaranmu ke saye a Nima da Mamobi. Cewa manomi ya daina amfani da ruwan nan magana ce da ba ta ciyar da gida. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin rage haɗarin cututtukan da ke cikin irin wannan ruwa mataki-mataki, kuma cibiyar binciken harkar ruwa ta duniya, IWMI, da jami'ar KNUST ta Kumasi sun gwada hanyoyin a lambunan Ghana.

Fara da rami. Kada ka ɗebo daga rafi kai tsaye zuwa kan ganye. Haƙa ƙaramin kududdufi kusa da fangalinka, ka jawo ruwan ciki, ka bar shi ya kwana. Ƙwayayen tsutsar ciki suna da nauyi, ƙasa suke sauka su kwanta cikin laka, rana kuma tana rage ƙwayoyin cutar da ke sama. In da hali ka yi rami biyu, ana ɗiba a ɗaya, ɗayan na kwanciya.

A wajen ɗiba ne yawanci ake ɓata aikin. Mutum ya tsunduma cikin ramin da ƙafa, ya danna garwa har ƙasa, laka ta tashi, duk abin da ya kwanta cikin dare ya koma cikin garwa. Ka gitta katako a bakin ramin ka tsaya a kai, ka karkata garwar a hankali ka ɗebi na sama kawai. Ɗaura tsumma mai tsabta ko gidan sauro a bakinta don tace datti. Idan ruwan ya ja baya har ka fara ganin duhun laka, ka tsaya haka nan. Takalmin roba kuma ba ado ba ne, fatar ƙafarka yake karewa.

Sai zubawa. Kada ka cire murfin bakin garwar nan mai ƙananan huda saboda sauri, kuma kada ka ɗaga garwa sama da rabin mita. Ruwan da ya faɗo daga sama da ƙarfi yana fantsamo ƙasa kan ganye, ƙasar kuwa ta sha ruwan kwata da kashin kaji. Shi ma kashin kajin, a tara shi ya ruɓe sosai kafin a zuba, kuma kada a watsa shi kan latas da ya riga ya yi ganye.

Mataki mafi wuya shi ne dakatar da ban ruwa kwana 2 zuwa 4 kafin cira. Na san abin da Malam mai lambu zai ce: ganye zai yi yaushi, matan kasuwa su karya farashi. Gaskiyarsa, musamman da hunturu. Amma kowace rana da ganyen ya yi a bushe, rana na kashe ƙwayoyin cutar da ke jikinsa. Idan zafi ya hana ka kai kwana 4, ka yi 2, ko ka riƙa zuba ruwan a gindi kawai ba tare da ya taɓa ganye ba. Ka kuma yi magana da Hajiyar da ke saye a hannunka tun da wuri, ku tsayar da ranar cira, don ka san yaushe za ka ajiye garwa.

Ranar cira, kada a wanke latas a ramin ban ruwa don ya yi sheƙi. A yanke shi sama da ƙasa, a cire ganyen waje, a sa a kwando mai tsabta, wankin kuma a yi shi da ruwan famfo.