Yadda za ka ci taliya da romo a kasuwar abinci ta Singafo

Kafin ka yi tunanin abin da za ka ci, nemi wurin zama tukuna. Kasuwannin abinci na Singafo, waɗanda suka haura 100, cika suke maƙil da tsakar rana, lokacin da ma'aikata suka fito cin abinci. Idan ka ga tebur babu kowa amma an ajiye ɗan ƙunshin tishu ko lema a kai, kada ka zauna, akwai mai shi, ya tafi bin layi ne. Chope suke kiran wannan al'ada, kuma kai ma haka za ka yi. Zama tebur ɗaya da wanda ba ka sani ba kuwa ba komai ba ne. Wannan cuɗanya na cikin dalilan da suka sa hukumar UNESCO ta sanya al'adar kasuwannin abincin a jerin al'adun gado na bil'adama a Disambar 2020.

Sai babbar magana ga Musulmi. Naman da ido ke gani a kwano ba shi ne abin tsoro ba, romon da man girkin ne. A rumfunan Sinawa da yawa, da ƙashin alade ake dafa romon taliyar jatan lande, kuma ana soya taliyar da ake kira char kway teow da kitsensa. Bak chor mee da bak kut teh kam alade ne tsantsa, ko kallo ba sa buƙata. Don haka duba gaban rumfa: ko dai takardar halal ta MUIS, majalisar harkokin Musulunci ta ƙasar, ko kuma ka tabbatar masu rumfar Musulmi ne, 'yan Malay ko Indiyawa. Allon da aka rubuta cewa babu alade babu kitsensa ba takardar halal ba ne. Kasuwar Geylang Serai, da ta Tekka da ke unguwar Little India, su ne suka fi sauƙi ga baƙo, domin rumfunan Musulmi sun yi yawa a cikinsu.

Ni dai idan an bar ni, mee soto zan ce ka fara da shi. Taliya ce rawaya a cikin romon kaza da aka dafa da kurkum da citta da sauran kayan ƙamshi, a zuba yagaggen naman kaza da soyayyar albasa a kai. Ka ce a haɗa maka da bergedil, wato dunƙulen dankalin turawa da aka tsoma a ƙwai aka soya. Kada ka cinye shi a bushe. Ka farfasa shi da cokali cikin romon, sai ka ga ya ɗan yi kauri, ɗanɗanon ya zauna. A gefe za a ba ka wani baƙin yaji mai ruwa-ruwa. Ɗiga kaɗan ka ɗanɗana kafin ka ƙara, domin ba ya nuna zafinsa sai ya wuce maƙogwaro.

Mee rebus kuma wani abu ne daban. Miyarsa mai kauri ce, da dankalin Hausa ake kaurara ta, tana da ɗan zaƙi, ga dafaffen ƙwai da soyayyar awara da ɗanyen koren barkono. Akwai ƙaramin lemun tsami a gefen kwanon, ka matse shi duka, shi ne ke kashe zaƙin. Kuma ka ci da zafinsa, in ya huce miyar daskarewa take ta zama kamar kamu. Mee siam kuwa siririyar taliyar shinkafa ce a ruwan tsamiya mai zaƙi da tsami. Mutane na son sa da safe, ni bai cika riƙe min ciki ba.

Laksa ita ce wadda kowa ke magana a kai: romon madarar kwakwa da busasshen jatan lande da yaji, da taliyar shinkafa mai kauri. Akwai rumfunan halal da ke yin ta. Ana yawan saka wasu ƙananan dodon koɗin teku da ba su gama dahuwa ba, in ba ka saba ba ka ce a cire tun kafin a zuba. Kada ka sa farar riga ranar da za ka ci ta.

In farfesu kake marmari, nemi rumfar Indiyawa Musulmi ka ce sup kambing, romon naman akuya ko rago mai kauri da ake ci da yankakken burodi. Ɗan'uwansa sup tulang ja ne wur, ƙasusuwa ne cike da ɓargo, har tsinken zuƙar lemo suke bayarwa don ka zuƙe shi. Kasuwar Golden Mile da ke titin Beach ta yi suna a kansa. Wannan da hannu ake ci.

Wajen oda, kada ka tsaya dogon tunani a gaban mai rumfa alhali layi na bayanka. Faɗi abincin, faɗi irin taliyar in ana zaɓa, rawaya ko bee hoon siririya ko kway teow mai faɗi, sannan ka faɗi ko a nan za ka ci ko tafiya za ka yi da shi, wanda 'yan Malay ke cewa bungkus. Dattijuwa ka kira ta makcik, dattijo pakcik. Riƙe ƙananan kuɗi, don ba kowace rumfa ke karɓar katin baƙo ba, kuma dala 10 ta Singafo ta isa kwanon taliya da kofin teh tarik, wato shayi mai madara.

Idan ka gama, kwashe kwanonka da tirenka da kanka. Tun Satumbar 2021 doka ce: karon farko gargaɗi a rubuce, na biyu tarar dala 300. Wurin ajiye tiren ma kashi biyu ne, na halal daban, na sauran daban, sai ka karanta allon kafin ka ajiye.