Kurakuran da Masu Neman Asalin Baiti a Ƙagaggen Labari Suke Yawan Yi

Ɗaliban adabi a nan Yamai suna yawan zuwa mini da baitin da suka tsinta a ƙagaggen labari suna neman asalinsa, kuma kusan dukkansu hanya ɗaya suke ɓata.

Mafi muni shi ne gaskata sunan da marubucin ya jingina wa baitin. Da zarar wa'azi ya fito a bakin wani tsoho cikin labari, sai a ce na Shehu Usmanu ne, ɗalibi kuwa ya kwafe ba tare da ya bincika ba. Shehu, wanda aka haifa a Maratta cikin jihar Tawa ta yau a 1754, da Larabci da Fulatanci ya yi mafi yawan waƙoƙinsa, Hausarsu kuma sau da yawa aikin ƴaƴansa ne. Tabbat Haƙiƙa ma da Fulatanci ya tsara ta, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. A tahamisi kuwa ɗango biyu ne na mai waƙar, uku na wanda ya ƙara, don haka dole a san matsayin ɗangon a cikin baiti kafin a ambaci sunan kowa. Irin wannan jingina ta taɓa cinye mini watanni ina tonon rubuce-rubucen ajami a cibiyar bincike ta IRSH da ke nan Yamai, ashe baitin na wani malamin ƙarni na 20 ne. Ku daina wannan ganganci, domin ɗora wa malami maganar da bai faɗa ba cin amanar ilimi ne.

Na biyu shi ne zaton marubuci ya kawo baitin daidai. Yawancinsu daga ka suke rubutawa, yadda suka ji a bakin almajirai ko makafi masu rera Imfiraji ta Aliyu Namangi, sai kalma ta sauya, Sakkwatanci ko Adaranci ya koma Kananci. Wanda ya zuba jimlar a intanet bai samu ba, sai ya yanke cewa ba ta da asali. Ni al'adata ita ce in rera baitin da ƙarfi har in kama karinsa, in riƙe amsa-amonsa, domin su ne ba su cika sauyawa ba, sannan in kai shi zaure wurin dattijon malami in ce, "Allah gafarta Malam, ko kun san mafarin wannan?" Sau da yawa shi zai ɗora mini baitin da ke biye.

Kada a haɗa waƙar baka da rubutacciya: ɗiyan waƙar Narambaɗa a faifai ake nemansu. Karin magana ma ba baiti ba ne, ko da mawaƙi ya ara. Idan an sami rubutacciyar waƙar, a karanta har ƙarshe, domin a nan mai ita ya saba faɗin sunansa, wani lokaci har da shekarar da ya kammala ta cikin ramzi, wato haruffan da ke wakiltar lambobi.