Yadda ake zaɓen ƙarfen haɗa shasi ga motar gudu

Kwanakin baya wani ƙanena ya tsayar da ni a wajen Ƙofar Ƙaura yana nuna mini hoto a waya: dogayen ƙarafa biyu, wai zai yi odarsu daga Amurka ya liƙa a gindin motarsa don ta daina girgiza a kwana. Na ce masa, "Kai yaro, ka taɓa leƙa gindin motar nan kuwa?" Ya ce a'a. To daga nan ake farawa.

Ƙarfen da yake nufi, masu sayarwa suna kiransa sabfirem kanekta. Yawancin ƙananan motoci ba su da doguwar shasi daga gaba har baya irin ta Hilux ko Land Cruiser. Guntuwar shasi ce a gaba tana ɗauke da inji da ƙafafun gaba, wata guntuwar a baya, tsakaninsu kuma bodin motar ne kawai ke riƙewa, wato ƙarafan ƙasan ƙofofi da farantin da kake taka ƙafa a kai, wanda kaurinsa bai fi milimita 1 ba. Idan inji mai ƙarfi ya fizgi motar, ko ta shiga kwana da gudu, wannan tsakiyar ce ke murɗewa. Aikin ƙarafan nan biyu, ɗaya hagu ɗaya dama, shi ne su haɗa guntuwar gaba da ta baya.

Fara da tabbatar da cewa motarka tana buƙata

Motocin da aka fi sani da wannan larura na Amurka ne: Ford Mustang daga 1979 zuwa 2004, da Chevrolet Camaro da ƙanwarta Pontiac Firebird har zuwa 2002. Mai buɗaɗɗen rufi ta fi kowacce murɗewa, don rufin mota shi ma yana riƙe bodi. Mustang ta 2005 zuwa sama an ƙera ta da tauri sosai, amfanin ƙarfen a kanta kaɗan ne. Mai Hilux kuwa ya riƙe kuɗinsa.

Ga gwajin da ba ya cin ko sisi. Ka ajiye motar a shimfiɗaɗɗen siminti, ka buɗe ƙofofi ka rufe ka ji yadda suke. Sai ka sa jak a kusurwa ɗaya ka ɗaga har taya ta bar ƙasa, ka sake gwada ƙofofin. Idan ƙofa ta cije, ko sai ka buga ta da ƙarfi kafin ta kama, bodin yana murɗewa. Idan suna rufuwa lafiya lau kamar da, girgizar da kake ji a kwana daga wani wuri take: shokozoba, ko bushin da ya mutu, ko taya.

Masu BMW cikin samarinmu masu son gudu su lura da wani abu daban. BMW E46 an san ta da tsagewar farantin da shasin baya ke ɗaure a jiki. Maganin wannan shi ne a sauke shasin bayan a yi waldar farantan ƙarfafawa a wurin. Dogon ƙarfe daga gaba zuwa baya ba zai taɓa wannan ciwon ba.

Shiga ƙarƙashi da tocila

Katsina ƙasa ce busasshiya, motar da ta girma a nan ba ta cika ruɓewa ba. Amma motocin nan ba a nan suka girma ba. Wadda ta fito daga arewacin Amurka ko Kanada ta sha gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara, kuma dillali ya iya fesa baƙin fenti a kan tsatsa. Ka ɗauki sukundireba ka caccaki wuraren da bakin ƙarfen zai zauna, gaba da baya. Inda ya lotsa ko ya zubo gari, sai an yanke an sa sabon faranti tukuna. A Mustang ka duba akwatunan da hannayen ƙafar baya ke kamawa, nan suke yawan tsagewa.

Ka duba alamar haɗari kuma. Da yawa daga motocin da ake kawowa masu haɗari ne aka miƙe su. Idan shasin ta karkace, ƙarfen da aka ƙera daidai da awon kamfani ba zai hau ba, in kuma aka tilasta shi ya hau, ka kulle karkatar ke nan har abada.

Na noti ko na walda?

Nan ne maganar take, kuma a ganina amsar ba a motar take ba, a hannun mai waldarka take.

Na walda ya fi riƙo, babu gardama. Na noti kuwa sai an huda faranti, kuma da tafiya ta yi tafiya ramukan suna faɗaɗa, notin ya saki, ƙarfen ya koma kwaramniya kawai. Shi ya sa masu harkar a waje suke cewa walda. Sai dai su da injin MIG suke aiki, mai turo siririyar waya da gas, wanda ke kama siririn faranti ba tare da ya ƙona shi ba. Mu a nan abin da ya cika gari shi ne waldar lantarki ta sanda, irin ta ƙofa da taga, sai waldar gas ta masu gyaran bodi da salansa. Sanda tana huda farantin milimita 1 kamar takarda. Gas kuma yana baza zafi har farantin ya lanƙwashe.

Na taɓa kai wa wani dattijo mai walda irin wannan aiki, mutumin da ya fi shekara talatin yana sana'ar. Ya shafa gindin motar ya ce, "Alhaji, wannan ba aikin injina ba ne, in na taɓa sai na ɓata maka." Na ce, "Baba, Allah Ya saka da alheri." Ba kowa ne zai faɗa maka haka ba, wani cewa zai yi kawo kawai.

Saboda haka kafin ka tura kuɗi, nemo mai MIG, a nan ko a Kano. Ka kai masa guntun tsohon farantin mota da guntun bututu mai kauri, ka ce ya haɗa su kana tsaye. In ka ga ɗinkin ya kwanta, bai huda ba, ka sayi na walda. In ba ka samu ba, sayi na noti mai faffaɗan farantin tallafi da ke zama ta ɗaya gefen, ka ɗaure da noti mai ƙarfi, lamba 10.9 a kansa, ba na kasuwa da ba shi da lamba ba. Yawancin na noti ana iya bin su da walda daga baya ranar da ka samu gwani.

Tsawo, siffa da irin ƙarfe

Akwai gajere mai kama bakin shasi biyu kawai, akwai dogo mai bin gindin motar yana kamawa a wurare da dama, wani har da reshen da ke tallafe kujera. Dogon ya fi. Akwai kuma wanda ake yanka farantin ƙasa a nutsa shi ciki. Wannan babban aiki ne na motar tsere, ka bar shi.

Zagayayye ko mai kusurwa huɗu? Duka suna aiki. Abin da zai raba maka gardama shi ne titinmu. Mustang da Camaro dama ƙasa-ƙasa suke, ga tudun rage gudu a kowace unguwa, wani ma mutanen layi ne suka gina shi da kansu ba awo. Ka auna tazarar gindin motarka da ƙasa, ka tambayi mai sayarwa inci nawa ƙarfen ke saukowa. Mai faɗin inci 2 da tsayin inci 1 da ke manne da faranti ya fi dacewa da wanda zai bi hanyar Daura ko Jibiya da motar. Kaurin bangon bututun kuma ya kama tsakanin milimita 2 zuwa 3.

Za ka ga wasu an rubuta kuromoli 4130, wani irin ƙarfe ne gauraye, da tsada. Ya fi ƙarfe gama-gari jure karyewa, shi ya sa ake yin sa da siririn bango don rage nauyi, amma in girmansu ɗaya wajen hana lanƙwasa kusan daidai suke. Ga shi yana son waldar TIG, wadda ta fi MIG wuyar samu. Sayi gama-gari. In na walda ne, ɗauki wanda ba a yi wa fenti ba, don dole a kankare fentin a wurin ɗinki.

Kamfanoni irin su Maximum Motorsports da Steeda suna yi wa Mustang, UMI Performance da BMR suna yi wa Camaro. Kowane ƙarfe da motarsa, da shekarunta, da irin rufinta. Ka karanta lambar shasi ka tabbatar da shekarar, kar ka dogara da bakin dillali. Ka lissafa kuɗin dako tun farko, don dogon ƙarfe ne mai nauyi.

To a ƙera a gida mana? Ana iya yi, in akwai gwani da bututu mai kauri. A Ƙofar Ruwa ta Kano ana samu. Amma ka je da ma'aunin kauri a aljihu. Bututun da ake ƙofa da shi ya yi siriri, nauyi kawai zai ƙara wa motar.

Ranar ɗaurawa

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne a yi waldar motar tana rataye a kan jak. Bodin yana lanƙwashe a lokacin, sai ƙarfen ya riƙe shi a haka, a sauke mota ƙofa ta ƙi rufuwa. Dole nauyin motar ya kasance a kan tayoyinta huɗu, a wuri mai daidai. Ramin gareji yana yi, ko a hau da tayoyin kan tubalan siminti masu tsawo ɗaya. In rami ne a tabbatar mai ba ya ɗiga, don tururin fetur a ƙasa yake taruwa.

A cire kan batir, a maƙala wayar as ɗin injin walda, wato wadda ake kamawa a jikin ƙarfe, kusa da wurin aiki, don kar ƙwaƙwalwar motar ta ƙone. A ɗage kafet da soson da ke ƙarƙashinsa, a cire kujera in ta kama. Bututun mai da na birki suna bin wannan layin ne, a janye su ko a kare su da faranti da jiƙaƙƙen tsumma. Yaro ɗaya ya zauna cikin motar da bokitin ruwa da abin kashe gobara, idonsa a ƙasa.

A ɗosa ƙarfen biyu tukuna, a gwada ƙofofi. In lafiya, sai a yi ɗinki guntu-guntu, inci ɗaya nan, a koma ɗaya gefen, a bari ya huce. Bayan an gama a goge a shafa fentin hana tsatsa tun kafin damina.

Mai na noti ya koma rami bayan mako ɗaya ko biyu ya sake ɗaure su. Mai na walda ya haska ɗinkin da tocila ya nemi siririn layin tsatsa, alamar tsagewa ce. Ƙanen nan nawa dai da muka ɗaga motarsa da jak ƙofofi suka rufu sumul, muka leƙa muka tarar bushin ƙafar baya biyu sun yage.