Matakan kammala digiri na uku a ilimin garkuwar jiki

1. Karɓi littafin ƙa'idojin sashe, ka ware kwasa-kwasan dole daga na zaɓi.

2. A shekarar farko ka gama ginshiƙai: garkuwar da ake haihuwa da ita, wadda jiki ke koya, ilimin ƙwayoyin halitta da ƙididdiga. Kada ka jinkirta ƙididdiga. Mai jinkirta ta yakan yi gwaji da samfuri kaɗan, sakamakon ya tashi a banza.

3. Zaga ɗakunan gwaji 2 ko 3 kafin ka zaɓi mai duba aikinka. Ɗalibansa za ka tambaya halinsa.

4. Nemi izinin kwamitin ɗa'a tun wuri. Babu taɓa ɓeraye ko jinin mutum sai ya fito.

5. Ci jarrabawar cancanta, galibi a shekara ta 2, sannan bincike, rubuta kundi da kare shi.