Ga 'yan Kaduna sababbin zuwa Kalgari: kafin ku sayi motar tafi-da-gidanka

Duk lokacin zafi sai wani ɗan uwanmu da bai ko shekara a lardin Alberta na Kanada ba ya je Banff, garin shaƙatawa na cikin duwatsu, ya ga motocin nan masu gado da kicin da bayi a ciki, ya dawo ya ciwo bashi ya sayi tsohuwa. Sayen ba wuya, lasisin tuƙi na yau da kullum ya isa ga yawancinsu. Tambayar da ba kwa yi ita ce ina za ta kwana daga Oktoba zuwa Mayu.

A Barnawa ko Unguwar Rimi ka ajiye ko tirela ce a ƙofar gida, in kun gaisa da maƙwabta shi ke nan. A Kalgari awa 36 doka ta ba ka a bakin titin gidanka, sai ka kawar da ita. Maƙwabcin da ke yi maka murmushi kullum ba zai ce maka uffan ba, 311, lambar hukumar birnin, zai kira. Masu gidan haya kuwa sun fi kowa tsanani. Wurin fakin da ke cikin takardar haya na ƙaramar mota ne, kuma "ba komai" da mai gida ya faɗa da baki ba ta da amfani ranar da manajan ginin ya canza. Wani ƙaninmu ya dogara da irin wannan alkawari, ya tafi Kaduna bikin ƙanwarsa a Disamba. Ya dawo ya tarar an ja motar, kuɗin ajiya na hawa kullum, mai gidan kuma ya ce bai tuna sun yi magana ba. Jama'armu ce ta yi karo-karo aka karɓo ta. Wannan hali namu abin alfahari ne, amma Allah ya sani mun gaji. Ku nemi izini a rubuce, ko ku kama wuri a filayen ajiya na bayan gari tun Satumba, kafin a cike. Soket ɗin da ke wurin fakin ma na ɗumama injin ƙaramar mota ne. A wasu gine-ginen wutarsa ɗaukewa take tana dawowa, kada ku jona masa gida guda.

Sai ruwa. Sanyin nan ba hunturun Kaduna ba ne, yakan wuce digiri 30 ƙasa da sifili, ruwa kuma in ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, ya fasa bututu da famfo. Ku zubar da na tankuna duka har da na hita, ku tura maganin daskarewa ruwan hoda a kowane famfo da bayi. Na injin mota guba ne, kada ya kusanci bututun ruwan sha.

Batir kam kun san shi, duk wanda ya rayu da inbata a gida ya san abin da barinsa ba caji ke yi. Bambancin kawai, a nan batirin da ya sauka daskarewa yake ya tsage, cikakke kuwa, mai nuna wajen bolt 12.6, yana jure sanyin. Ko motar na kashe, na'urar gano yoyon gas tana shan wuta a hankali. Ku cire batirin ku kai wuri mai ɗumi, ku sa masa ƙaramar caja mai tsayawa da kanta. In na litiyam ne, kada a yi masa caji a ƙasa da sifili.

Ku rufe tukunyar gas, ku cika tankin mai, ku kwashe abinci kaf. Buhun garin tuwo da ledar kilishi da aka manta a kabad sun isa su tara ɓeraye, su kuma wayoyin wuta suke ci. Mai tafiya gida ya bar makulli da takardun inshora a hannun wanda zai iya leƙa ta bayan an zuba ƙanƙara mai yawa.